Inda Na Ajiye Fuskar Gwaggo

A shagona da ke Samaru, bayan teburin kwamfuta, akwai kabad na ƙarfe mai aljihu huɗu, kuma duk aikin da na taɓa yi yana da fayil a cikinsa. Sana'ata zane ce. Ina yi wa 'yan kasuwa tambari, ina tsara takardar da ake mannawa a jikin kwalba, da kalanda, da fosta, da allon da ake kafawa a ƙofar shago. A jami'a na karance ta, na kuma fito da ƙa'ida guda wadda ban taɓa sassautawa ba: babu aikin da zai bar hannuna zuwa wurin bugu sai mai shi ya sa hannu a bayan samfurin ƙarshe, kuma duk gyaran da ya nema sai ya faɗi dalilinsa na rubuta.

Ba son wahala ne ya sa na kafa wannan ƙa'ida ba. Wani mai gidan burodi ya taɓa sa ni na ƙara girman tambarinsa har sau uku, daga baya ya rantse cewa shi ƙarami ya ce a yi. Wani mai cajin waya a hanyar Shika ya nemi a sa masa zaki da gaggafa da taswirar duniya a allo ɗaya, da na tambaye shi alaƙar zaki da caji, sai ya ce ai maƙwabcinsa damisa ya sa. Na rubuta wannan a layin dalili, domin dalili ne, ko da yake ba mai kyau ba. Abin da ba na jurewa shi ne mutum ya dubi aikin da na sha wuya a kansa, ya taɓe baki ya ce, "Bai dai yi ba," ya tsaya nan. Wannan ba gyara ba ne, raini ne, kuma na sha faɗa wa masu yin sa haka a gabansu.

A aljihu na biyu akwai fayil ɗaya da ya fi sauran kauri, saboda ba takarda kaɗai ke cikinsa ba. Na gwaggona ne.

Gwaggo yayar mahaifina ce, kuma a gidanta na Dogarawa na tashi tun da aka kawo ni Zariya karatu. Tsohuwar malamar firamare ce. Ta yi ritaya tuntuni, amma jan bironta bai yi ba, yana nan a cikin jakarta tare da littafin waƙoƙi. A wurinta na koyi ajiye takarda. Ta daɗe tana riƙe da muƙamin uwar zumunta, wato shugabar zumuntar mata ta cocinmu, har gwiwoyinta suka fara ba ta shawarar ta huta. Da ta sanar cewa za ta sauka, matan suka shirya yi mata biki, suka kuma yanke cewa za a buga atamfa ta musamman mai ɗauke da fuskarta, kowace mace ta ɗinka ta sa a ranar.

Magatakardar zumunta ce ta kawo mini aikin har shago. Mace ce mai jiki da fara'a, ta san ni tun ina yawo da wando ɗaya, kuma ba ta taɓa barin na manta da haka ba.

"Ɗanmu, kai muka ba," in ji ta. "Amma kamfanin da ke buga atamfar a Kano sun ce ranar Juma'ar sama suke son zanen. In ya wuce, ba za ta fito kafin biki ba. To in ba ka gama ba, mu dai PZ za mu nufa."

Na san abin da PZ ke nufi a wannan magana. Unguwa ce a nan Zariya, kuma akwai wani mai bugu a can da ke da tsari guda a ajiye: kurciyoyi huɗu, da furanni, da wani da'ira da babu kowa a ciki. Duk wanda ya zo, sai a manna hotonsa a da'irar. Na ga wannan tsari a jana'izar wani dattijo, na gan shi a wani ɗaurin aure, kurciyoyin ba su sauya ko gashi ɗaya ba. Hoton da ke hannun magatakarda kuwa na katin fansho ne, wanda a cikinsa Gwaggo ta yi kama da wadda aka tare a shingen hanya. Na ce a raina, matar da ta rene ni ba za ta shiga da'irar kowa da kowa da wannan fuska ba, matuƙar ina iya riƙe fensir.

Don haka na je na zauna a bencin baya ranar da suke koyon waƙa, da takarda a cinya. Gwaggo ce mai kiɗan tulu, wato tulun ƙasa da ake dukan bakinsa da guntun katifa ya ba da amo mai zurfi. Akwai abin da fuskarta ke yi idan waƙa ta kai inda take so: girarta ta hagu takan ɗaga kaɗan, bakinta ya yi kamar zai yi murmushi ya fasa. Shi na kama. Na zana da fensir, na bi da tawada, na shigar a kwamfuta na ba shi launi. Ba yabon kai ba, ban taɓa zana fuska mai kyawun wannan ba.

Saura inda za a ajiye ta a jikin atamfa. Na san turmi yadi shida ne, na kuma san mata kan yanki yadi biyu su yi zani. Iyakar sanina ke nan, domin a lokacin ban yi aure ba, kuma na ɗauka ya wadatar. A duk abin da aka koya mana, tsakiya ce wurin daraja, can ido ke fara sauka, can ake ajiye abin da ya fi kowane muhimmanci. Saboda haka na auna tsakiyar kowane yadi biyu daidai wa daida, na ɗora fuskar Gwaggo a wurin, faɗinta kamar faifai, na kewaye ta da zanen haske.

Ranar Litinin da la'asar na kai wa kwamitin bikin. Su biyar ne, a ajin da yara ke karatun Lahadi. Na warware babbar takardar a kan tebur, na danne kusurwoyinta da littattafan waƙa, na ja da baya domin su more kallo.

Da farko an yi ta "Kai!" da "Ita ce wallahi!" da "Dubi girar nan!" Raina ya yi fari. Sai magatakarda ta tambaya, "Ɗanmu, wannan duka zani ɗaya ne?"

Na ce, "Zani ɗaya ne, Mama. Yadi biyu cif."

"Ita kuma a nan za ta zauna?"

"A tsakiya sosai. Na auna."

Suka dubi juna. Ɗaya daga cikinsu ta kama bakin mayafinta ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa. Wata ta miƙe ta je taga tana kallon waje, alhali babu abin da ke wajen sai tankin ruwa.

"Zane dai ya yi kyau," in ji magatakarda, tana share ido. "Amma a ɗan matsar da ita."

"Zuwa ina, Mama?"

"Ko'ina dai, ban da nan."

Na buɗe fayil, na cire murfin biro. "To, mene ne dalili? Sai na rubuta."

Wannan tambaya ce ta kwance su gaba ɗaya. Ta bakin taga ta durƙusa. Magatakarda ta ce, cikin dariya, "Ɗana, ka yi aure mana, ka huta da mu ma mu huta." Na ce ban ga abin da ya haɗa aure da tsarin zane ba. Ta ce to shi ya sa. Na sake neman dalili har sau biyu, cikin ladabi, amma abin da na samu kawai shi ne jimlar nan da na fi ƙi a duniya: "Bai dai yi ba." Babu wadda ta sa hannu. Na nannaɗe takardata, na rubuta a fayil, "Gyaran da aka nema: a matsar. Dalili: babu," na fito raina a ɓace.

Washegari da safe na zauna na rubuta wa kwamitin wasiƙa mai shafi biyu. Na bayyana matsayin tsakiya a ilimin zane. Na nuna cewa ajiye shugaba a gefe rage mata daraja ne. Na tunatar da su, da kalmomi masu tsafta, cewa dariya ba hujja ba ce, kuma aure ba ya cikin darussan da ake ba da takardar shaida a kansu. Na rufe da cewa ba zan matsar da gwaggona ko da faɗin yatsa ba sai an ba ni dalili a rubuce. Kuma tun da babu wasiƙa mai nauyi da na taɓa aikawa ba tare da Gwaggo ta duba ba, na ɗauke ta da zanen na nufi Dogarawa.

Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Ta karanta wasiƙar daga farko har ƙarshe, ta ciro jan biro ta ƙara waƙafi ɗaya. Sannan ta ce in warware zanen. Ta daɗe tana kallon fuskar tata, har na ga girar ta ɗaga kamar yadda na zana.

"Ka iya hannu," in ji ta. "Wannan duka zani ɗaya ne?"

Na taɓa jin tambayar nan. Na ce e.

Ta mai da murfin biro a hankali. "Wasiƙar nan ba ta da kuskuren rubutu. Amma bar ta a nan tukuna. Je ka sa a buga maka wannan a farin yadi, yadi biyu, ka kai wa Madam mai ɗinki a kasuwar Sabon Gari. Ka ce ni na aiko ka."

"Gwaggo, ke ma ba za ki faɗa mini dalili ba?"

"Ni da na yi maka wanka? Tashi ka tafi, rana na yi."

Laraba da hantsi na karɓo yadin daga wurin masu bugu, na shiga kasuwa. Madam 'yar kudu ce, amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ruwa, sai dai takan yayyafa mata turancin kasuwa idan magana ta yi daɗi. Ita ke yi wa yawancin matan zumunta ɗinki. Na same ta a kan keken ɗinki, tef ɗin awo rataye a wuya, wasu mata biyu suna zaune suna jiran kayansu. Na gaishe ta, na isar da saƙon Gwaggo, na fara bayanin matsayin tsakiya.

Ba ta bari na kai rabi ba. Ta karɓi yadin, ta girgiza shi, ta dubi fuskar, ta dube ni.

"Oga mai zane, ajiye fayil. Ɗaga hannu."

"Madam, ni bayani na zo nema."

"Shi zan ba ka. Abeg, ɗaga hannu, kada ka motsa."

Ta zaga bayana ta ɗora yadin a ƙuguna, ta jawo gefe ɗaya ta gabana, ta rufa ɗayan a kai, ta soke. Kafin na ce wani abu, ga ni tsaye a tsakiyar shago, da rigata mai dogon hannu da takalmi sau ciki, ɗaure da zani. Na duba gabana, babu Gwaggo, sai zanen haske kaɗai.

"Ina fuskar?" na tambaya.

"Juya. Ga madubi can."

Na juya, na leƙa ta kan kafaɗa. Ga Gwaggo nan, faɗinta kamar faifai, da girarta a ɗage, tana kallona daga daidai wurin da mutum ke ɗorawa a benci idan zai zauna. Ashe tsakiyar zani a baya take sauka. Bakunansa ne ke haɗuwa a gaba. Na auna wurin daraja da ma'auni, na kuma kai gwaggona can ba kuskuren ko yatsa ɗaya.

Matan nan biyu sun riga sun kife a jikin juna. Madam ta jawo benci da ƙafa.

"Oya, zauna."

Ban zauna ba.

"Zauna mana, Oga. Benci ne, ba ya cizo. Ranar biki mata cike da coci za su tashi su yi waƙa, su zauna, su tashi su yi addu'a, su zauna. Duk a kan gwaggonka. Kai sau ɗaya kawai na ce ka gwada."

Na ce, "Madam, don Allah kwance ni."

"Shekara nawa ka yi a jami'a?"

"Huɗu."

"Ba su da zani a can?"

Na ce ba ya cikin manhaja. Ta ce to yau ya shiga. Ta kwance ni, na karɓi yadin da hannu biyu na ninke shi fuskar na sama, na ɗora a kan tebur inda ba wanda zai jingina.

Da na dawo hayyacina, na ce to sai a mai da fuskar bakin zani, inda ke faɗowa a gaba. Madam ta girgiza kai. Ta ce bakin zanin siririya daban yake sauka da na mai jiki, wata a gaba, wata a kwiɓi, wata kuwa sai ya zaga ya koma inda muka baro. A jikin zani babu wurin da fuskar mutum za ta tsira. Ta ɗauko alli ta shimfiɗa wani turmi a tebur, ta nuna mini yadda ake raba shi: nan zani, nan riga, nan ɗankwali. Ta ce fuska ɗaya tak za a sa a kowane turmi, kusa da ƙarshensa, inda tela zai yanko gaban riga, kuma kada ta wuce tafin hannu biyu, don kada ɗinki ya ci kunne ko haɓa. In an yi haka, a ƙirji za ta zauna.

Na rubuta duk abin da ta faɗa, da awonsa, na zana yadda ta yi da alli. Da na gama na miƙa mata biro na ce ta sa hannu a ƙasa a matsayin wadda ta ba da shawara. Ta ce tun da take ɗinki ba wanda ya taɓa sa ta sa hannu don ta ɗaura wa namiji zani. Amma ta sa.

Yinin ranar da safiyar Alhamis na yi su a gaban kwamfuta. Na cire fuskokin nan uku na kowane turmi, na mai da ɗaya inda Madam ta ce. Sai zani ya zama fili fetal, kuma ban yarda na kira kurciya ko ɗaya ba. Na koma takardun da na zana a bencin baya, na tarar a gefen kowace na zana tulun Gwaggo ba tare da na lura ba, har da ɗan tsagin da ke wuyansa wanda ta liƙe da siminti. Shi na ɗauka na jera a jikin zanin, manya da ƙanana, a kan shuɗi mai duhu. Tulu dai ko an zauna a kan hotonsa ba zai riƙe kowa a zuci ba.

Alhamis da la'asar na koma gaban kwamiti. A hanya na shirya jawabi, domin ƙa'idata ba ta ware ni ba: wanda ya yi gyara, ya faɗi dalili. Na warware sabon zanen. Suka gane tulun nan take, har wata ta sa yatsa a kan tsagin tana cewa ita ce ta ture shi a wani taro. Na gyara murya.

"Iyayena, na janye maganata ta ranar Litinin. Bincike ya nuna mini cewa tsakiyar zani..."

Nan na tsaya. Ga mata biyar suna kallona, a cikinsu akwai wadda ta goya ni, akwai wadda ta taɓa cire mini ƙaya a ƙafa. Kalmar da ta rage a jimlar ta ƙi fitowa. A lokacin ne na fahimci abin da ya faru ranar Litinin. Ba rashin dalili ne ya hana su magana ba. Dalilin ne ba ya faɗuwa tsakanin uwa da ɗa.

Magatakarda ta buɗe littafinta na taro, ta cire murfin biro, ta gyara zaman tabarau.

"Muna ji, ɗanmu. Tsakiyar zani me ta yi? Faɗi dalili, sai na rubuta."

Na dubi rufin ajin, na dubi tankin ruwa ta taga. Na ce, "Mama, bai dai yi ba."

Sai da mai gadin coci ya leƙo ya ga ko lafiya. Da dariya ta lafa, su biyar ɗin suka sa hannu a bayan samfurin, ɗaya bayan ɗaya, kuma ranar Juma'a da safe zanen ya tafi Kano.

Ƙa'idata tana nan, ban soke ta ba, domin har yau ina ganin mai neman gyara ya kamata ya faɗi dalili. Sai dai na ƙara mata sakin layi ɗaya: duk abin da za a sa a jiki, sai an sa shi a jiki, an tashi an zauna da shi, kafin a sa hannu. Tun daga nan na gwada hulunan talla, na gwada rigar masu gidan abinci, na taɓa zaga shagona sanye da rigar 'yan acaɓa ina leƙen bayana a madubi. Maƙwabtana sun daina tambaya.

Ranar biki na zauna a bencin baya da na saba. Matan suka shigo a jere suna waƙa, shuɗi ya cika coci, tuluna suna kaɗawa a jikin zannuwa, kuma a kowane ƙirji ga Gwaggo da girarta a ɗage. Da aka ce a zauna, na riƙe numfashi saboda sabo da fargaba, suka zauna, ba abin da ya sami kowa. Madam, wadda aka gayyata, ta waiwayo daga layin gaba ta nuna mini benci da baki.

Mutum ɗaya ce rigarta ba ta da fuska, ita ce Gwaggo. Tuluna ne kawai a gabanta. Bayan an tashi na same ta a ƙofa na tambaye ta ko tela ne ya yi kuskure, domin in haka ne ina so na sani.

"Ba kuskure," in ji ta. "Ni na ce a yanke. Ina da tawa a sama, ɗaya ta ishe ni."

Ta buɗe jaka ta ciro ƙyallen da aka yanko, a ninke, fuskar na sama. A ƙarƙashinsa ga wasiƙata mai shafi biyu wadda ba ta taɓa isa ga kwamiti ba. Ta miƙo mini su tare ta ce in kai fayil, tun da ni ne mai ajiya. Sai da na koma shago na lura ta ƙara rubutu a ƙasan wasiƙar da jan biro, da irin hannun da take yi wa 'yan aji uku: "Rubutu ya yi kyau. A riƙa tambayar masu ɗaurawa."